Filin Gwaggo: "Ko na je ko ban je ba, duk ɗaya ne"

  Ni 'yar Sheme ce ta ƙaramar hukumar Faskari, amma rashin kwanciyar hankali ya sa muka kwaso yara muka dawo cikin gari wajen 'yan'uwa. Ɗana na fari yana aji uku na ƙaramar sakandare. Can gida yaro ne mai son karatu, shi ke tashin ƙannensa su shirya. Nan kuwa ajinsu ya cika maƙil, wasu a benci wasu a ƙasa, kuma da lamba ake kiransu. Kwanakin baya zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da shi mako uku. Da ya koma, ko malami ɗaya bai ce masa ina ka shiga ba. Tun ranar ya ce shi da makaranta haihata-haihata, wai ko ya je ko bai je ba duk ɗaya ne, gara ya bi abokansa ya koyi acaɓa. Babansa ya yi faɗa har da bulala, a banza. Ni kuma da yake ɗan farina ne, ba na iya zama da shi mu yi doguwar magana. Gwaggo ki ba ni shawara, abin ya hana ni barci.

Uwar yara, daga Sheme

 Sannu da ɗawainiya ɗiyata, sannu da haƙuri. Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan fitina, Ya mai da kowa gidansa lafiya.

Kafin komai, ki ce wa maigidan Gwaggo na gaishe shi, kuma ta ce ya rataye bulalar nan. Yaronku ba malalaci ba ne. Malalaci ba ya tashin ƙannensa da sassafe su tafi makaranta. Yaronku zuciyarsa ce ta karye, ita kuwa duka ba ya ɗinke ta.

Ki zauna ki ɗan sa kanki a matsayinsa. A Sheme shi ɗan wane ne, jikan wane. In ya ratsa ta bakin hanya, mai shayi ya san shi, liman ya san shi, malaminsa na firamare ya san gonar kakansa. Ko makara ya yi, kafin ya dawo gida labari ya riga shi isowa. Rana ɗaya aka ɗauke shi daga wannan duka, aka ajiye shi a ajin da ba wanda ya san daga ina ya fito, ba wanda ya san abin da idonsa ya gani kafin ku baro gida. Ya daure. Sai ciwo ya kwantar da shi. Ni na san abin da yaro ke saƙawa a ransa in yana kwance jiki na rawa: yau za a turo wani ya duba ni, gobe malam zai tambaya. Ranar da ya warware ya wanke kayan makarantarsa ya tafi, a ransa yana jiran a ce masa sannu. Aka kira lambarsa, ya amsa, aka wuce ta gaba. Ko babban mutum aka yi wa haka a wurin aiki sai jikinsa ya yi sanyi, balle yaron da bai cika sha biyar ba.

To amma ɗiyata, zo nan kusa, ke ma akwai naki.

Kin ce malamai ba su tambaya ba. Ke kin aika? Mako uku yaro na kwance, ko ɗan maƙwabta ba ki tura da saƙo ba a ce wa malamin aji wane ba shi da lafiya. Kina jiran makaranta ta zo ta same ki a ɗaki, ita ma tana jiran ki zo, yaro kuma yana tsakiya. Zumunci a ƙafa yake, kuma na uwa da malamin ɗanta yana cikin wanda ba a yi wa ƙyuya.

Sai maganar ɗan fari. Na ji ki, kuma ban ce ki yar da alkunya ba, abin gadonmu ne kuma yana da kyau. Amma ki lissafa min. A makaranta lamba ce sunansa. A gida ke ba ki kiran sunansa, sai "kai yaron nan", ko ki aiki ƙanensa ya faɗa masa saƙo. Babansa in ya kira shi, faɗa ne. To a yini guda, waye ke kiran yaron nan da murya mai daɗi? Iyayenmu da suka yi kunyar ɗan fari ba su bar shi haka kara zube ba. Suna kau da kai ne don sun san akwai kaka da za ta ja shi jikinta tana kiransa maigida, tana ɓoye masa ƙanzo da ɗan nama a ƙasan kwano. Akwai gwaggo, akwai kawu, akwai ƙanwar uwa da zai kai wa kukansa. Gudun hijira ya watsa wannan gida, kaka na can, kawu na can. Kin riƙe kunyar, waɗanda ke cike gurbin kuma babu su kusa. Don haka dole ki sassauta. Kunya ba ta hana ki miƙa masa abinci da hannunki ki ce me aka koya muku yau. Ba ta hana ki karɓi littafinsa ki buɗe, ko da ba ki iya karanta abin da ke ciki ba. In bakinki ba zai iya furta sunan ba, ki laƙaba masa naki, wanda ke kaɗai ke kiransa da shi.

Malaman kuma kada mu yi musu wankin babban bargo. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare, 40 a sakandare. A takarda ke nan. Duk uwar da ta taɓa leƙa tagar aji a makarantun gwamnati na garuruwanmu ta san abin da ke ƙasa ya sha bamban. Malamin lissafi zai fito daga wannan aji ya faɗa wancan, kafin azahar ya ga ɗaruruwan fuskoki, ga ƙurar alli, ga zafin kwano, ga albashin da ba ya kai tsakiyar wata. Sannan ga abin da ya same mu a 'yan shekarun nan. Ƙauyukan Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara da dama sun tashi, jama'a sun kwarara zuwa manyan garuruwa irin su Funtua, yaransu kuma sun ƙaru a kan azuzuwan da tun asali sun cika. A 2021 har hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme gwamnati ta rufe wa motocin haya, aka kuma katse layukan waya a waɗannan ƙananan hukumomi na tsawon watanni. A irin wannan hali yau yaro ya zo, gobe iyayensa sun ƙara gaba, malami ya saba ganin gurbi a benci har ya daina tambaya. Da lamba ake kira don a yi sauri a gama rajista kafin lokacin darasi ya ƙure. Na fahimci dalilin. Amma fahimtar dalili daban, yarda da abu daban.

Mu mutanen Katsina bai kamata a ce sai an yi mana dogon bayani a kan wannan ba. Wa ya manta daren Juma'a 11 ga Disamba, 2020, da 'yan bindiga suka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara suka kora yara cikin daji? Kwanakin da suka biyo baya, duniya duka lissafi take yi. Gwamnan wancan lokaci, Aminu Bello Masari, ya ce ɗalibai 333 ne ba a gani ba, wasu suka faɗi ƙasa da haka, wasu suka faɗi sama, rediyo kowace da nata adadin. Da aka sako su ranar 17 ga wata, aka ce 344 ne. Amma iyayen da suka yi dafifi a ƙofar makarantar, ba wanda ya je neman 333. Kowace uwa yaro ɗaya ta je nema, mai suna, mai tabo a ƙafa, wanda ta san irin tarin da yake yi in sanyi ya shigo. Ranar da aka kawo su Katsina ƙafafu a kumbure, kowa cikin taron nan fuska ɗaya idonsa ke lalube. Duk wanda ya ga wannan da idonsa ko ya ji a rediyo yana hawaye, bai kamata ya yarda a wayi gari yaro ya ɓace daga aji mako uku ba a farga ba. Ko akuya ce ba ta shigo gida da magariba ba, ai sai an ɗauki fitila an fita nema.

Kuma kada wani ya ce min yawan yara ne ya sa abin ya gagara. Ku leƙa zauren makarantar allo ta unguwarku da yamma. Yara sun fi a ƙirga a tsaye, hayaniyar karatu har bakin titi. Amma kowane yaro da allonsa, kowa da inda ya tsaya. Wannan yana babbaƙu, wancan ya shiga farfaru, na gefe ya kai izu biyar. Yaro zai rarrafo gaban malam ya durƙusa ya biya, malam na jin sa ko da idonsa na kan wani. In ya iya, a ce je ka wanke. In bai iya ba, a ce koma ka maimaita, ba ruwan malam da cewa ɗan'uwansa ya wuce shi. Da yara suka yi yawa, malam bai koma kiran lamba ba, sai ya raba su ga manyan ɗalibansa, kowane babba da ƙananan da yake biya wa, kuma shi za a tambaya in ɗaya bai zo ba. Ban ce komai na tsangaya daidai ne ba, kun san ra'ayina a kan tura ƙananan yara bara garin da ba su da kowa. Amma wannan dabara ta sanin inda kowane yaro ya kwana a karatu tamu ce, tun kafin boko ya zo muke da ita, kuma ba ta cin ko kwabo.

Yanzu ga abin da za ki yi, kuma a makon nan, kada ki ce sai an shiga sabon zango.

Ki yafa mayafinki ki tafi makarantar da ƙafarki. In maigidan zai raka ki, ya fi. In ba hali, ki tafi da wani babba a gidan da kuke. Kada ki tsaya a bakin ƙofa kina aike. Ki nemi malamin ajinsu, shi ne mai rajista, shi ya kamata ya san kowa. Ki tafi da katin asibiti in akwai. Kada ki je da faɗa, kada ki fara da "me ya sa ba ku tambaya ba", don da zarar kin faɗi haka ya ja jiki, kin rasa shi. Ki gaishe shi da kyau, ki yi masa sannu da fama da yara, sannan ki ce: malam, ga amana na kawo maka. Ki sa a kira yaron ya tsaya a gabansa su haɗa ido. Ki gaya masa daga Sheme kuka fito, ki gaya masa abin da ya taso ku, ki gaya masa abin da yaron ya fi iyawa, lissafi ne ko rubutu ko ƙwallo. Malamai mutane ne, da yawansu 'ya'yan ƙauyukan nan ne su ma. Yaron da aka ba ka labarinsa ba ya sake zame maka lamba.

Ki roƙe shi abu ɗaya: ya ba yaron wani ɗan aiki a aji. Goge allo, tattara littattafai, ɗauko alli daga ofis, ko mene ne. Yaron da ya san in bai zo ba wani abu zai tsaya, da wuya ya yi fashi. Ku yi musayar lambar waya. Duk ranar da ba zai je ba, ki sanar. Bayan mako biyu ki sake leƙawa, ko gaisuwa ce kawai. Taron iyaye da malamai kuma ki daina cewa na maza ne. Akwai ma kwamitin al'umma mai kula da makaranta, wanda tsarinsa ya tanadi kujerun mata. Ku iyayen da kuka taso daga ƙauyuka ku haɗa kai ku samu mai magana da yawunku a ciki, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Maganar acaɓa kuwa, ki lura da abin da ke jan sa. Ba kuɗin ba ne kawai. A bakin tasha akwai wanda zai hango shi daga nesa ya kira sunansa, a matsa masa a benci, a miƙo masa ragowar rake. In bai fito ba a tambaya. Abin da ya rasa a aji ke nan, kuma yaro zai bi shi duk inda ya same shi. Nan ne tsorona yake. Ba kowane mai kiran sunan yaro da fara'a ne ke nufinsa da alheri ba. Mai sayar da ƙwaya ya iya haddace sunan yara. Masu neman 'yan aike da 'yan leƙen asiri ma sun iya, kuma mu a yankin nan mun san inda wannan hanya take ɓullewa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Sana'a ba abin kunya ba ce, amma babur a titin manyan motoci ba na ɗan shekarunsa ba ne. In yana son abin hannu, ku nema masa ubangida mai mutunci, tela ko kafinta ko mai gyaran waya, wanda kuka san gidansa, ya riƙa zuwa bayan an tashi makaranta. Sharaɗin shi ne sai an je aji da safe ake zuwa shago da yamma, kuma ubangidan ya san da wannan sharaɗi.

Malamai 'ya'yana, na san kuna karanta filin nan, ku matso. Ban ce ku haddace yara ɗari a yini ɗaya ba. Amma rajistar nan da sunaye aka rubuta ta, lambar a gefe take. Ku kira sunan. In lokaci ba zai isa ba, yau ku kira rabi da suna, gobe sauran, kuna ɗaga kai kuna kallon mai amsawa. Ku raba ajin gida-gida, kowane rukuni da babbansa, in wani bai zo kwana biyu ba a sanar da ku. Wanda ya dawo daga fashi, kafin ku ɗaga bulala ku tambaye shi lafiya. Wataƙila ciwo ya yi, wataƙila ubansa aka ɗauke ana neman kuɗin fansa, wataƙila kwana suka yi a daji. In kun duba littafi kada ku tsaya a jan biro da maki, ku ƙara kalma biyu da sunan mai littafin. Akwai dattawa a garin nan da furfura ta cika musu kai, har yau suna iya faɗa maka malamin da ya fara ce musu "kai za ka yi nisa", da ajin da suke, da rigar da ke jikinsa ranar. Ku tuna da matar nan da ke sharar masallacin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ta rasu aka binne ta ba a sanar da shi ba, don ana ganin ba wata ba ce. Shi da kansa ya lura ba ya ganinta, ya tambaya, ya nuna rashin jin daɗinsa da ba a gaya masa ba, ya sa aka kai shi kabarinta ya yi mata salla. Shugaban al'umma guda ke nan, da duk nauyin da ke kansa.

Su kuma masu mulki, a gina azuzuwa, a ɗauki malamai, a tura su inda jama'a suka kwarara. Kuɗin da ake ware wa ilimi da yawan yaran da aka sa a makaranta muna ji a rediyo. Muna so mu ji nawa ne suka daina zuwa, kuma wa aka tura ya bi sawunsu.

Sauran iyaye kuma, kada ku karanta wannan ku ce Allah sarki matar Sheme, ku ninke jarida. Wannan yaro ya yi magana ne shi ya sa muka ji. Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne mai shiru, musamman 'ya mace. Ita ba za ta ce ta daina zuwa ba. Za ta riƙa zama can ƙarshen aji, ba ta ɗaga hannu, ba a tambayar ta. Yau ciwon kai, gobe an aike ta talla, jibi wanki ya yi yawa, har a wayi gari sunanta na rajista ita kuma ta daɗe da barin makaranta, kuma ba ranar da za a nuna a ce ga ranar da ta bari. Yau da daddare kowa ya tambayi ɗansa da 'yarsa: wane malami ne ya san sunanki? Wa kike zama kusa da ita? In yaro ya yi shiru yana wasa da yatsunsa, kun samu amsa, gobe sai ku shirya ku tafi makarantar.

Ke kuma ɗiyata, kada ki sa ran daga zuwa ɗaya yaro zai koma kamar da. Ran da aka ɓata a hankali yake sauka. Ranar farko a samu babba ya raka shi har ƙofar aji. In ya dawo kada a tare shi da "ka ga ni, da ka ƙi", a ba shi abinci a bar shi ya huta. Darussan mako ukun da suka wuce shi, a nemi wani ɗan ajinsu mai kirki ya ara masa littafi ya kwafa, ki riƙa zuba wa ɗan ajin nasu abinci in ya zo, ta haka ake ƙulla abota. In kakarsa na da waya, a riƙa haɗa su duk Juma'a su sha hira. In kin ga yana firgita cikin barci, ko yana keɓe kansa ba ya son magana da kowa, to abin ya wuce na makaranta, ku kai shi asibiti ku yi wa likita bayanin abin da ya taso ku daga gida, kada ku ɓoye.

In zangon nan ya ƙare ki sake rubuto min, ki gaya min yadda kuka yi da malamin ajin da aikin da ya ba shi. Ki gaida maigidan da yara.

Taku,
Gwaggo